Ƙuri'a 182 Ta Nguru Da Kujerar Kansila

Ran 18 ga watan Maris na 2023 aka yi zaɓen gwamnoni da na majalisun jihohi. Da aka gama ƙidayar ƙuri'u a mazaɓar Nguru ta Biyu, cikin Jihar Yobe, sai baturen zaɓe ya faɗi abin da mutane da yawa ba su zata ba. Wani saurayi mai suna Lawan Musa Majakura, na jam'iyyar PDP, ya sami ƙuri'a 6,648, shi kuwa Alhaji Ahmed Lawan Mirwa na APC ya sami 6,466. Mirwa fa ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ne Kakakin Majalisar Dokokin jihar a lokacin, tun 2003 kuma yake riƙe da kujerar nan, wato shekara 20 ke nan, ga shi jam'iyyarsa ce ke da gwamna. Duk da haka ƙuri'a 182 ta raba shi da majalisa.

Duk mutumin Yobe da ke neman abinci a Kurmi ya san cewa 182 ba wani yawa ba ne. In aka bi kasuwar Mil 12 da Agege a Ikko, aka leƙa Sabon Badun da kasuwar Shasha, aka gangara Shagamu da Anacha, mutanen ƙasar Nguru da za a tarar suna sayar da bandar kifi, ko tattasai, ko suna tsaye a kara bayan shanu, za su cika motar safa uku har da saura. Motar safa uku ɗin nan ita ce tazarar da ke tsakanin Kakaki da wanda ya kayar da shi.

Amma ba a nan gizo yake saƙa ba. Shekara biyu kafin wannan rana, a 2021, saurayin nan ya nemi kujerar kansila ta gundumarsa, bai samu ba. To, yaya aka yi mutumin da bai iya samun ƙaramar kujera a ƙofar gidansu ba ya zo ya ture shugaban majalisar jiha? Mutanen dai su ne, ƙauyukan ma su ne. Abin da ya bambanta shi ne hanyar da ake bi a kai ga kujerar, da kuma hannun da ke riƙe da akwati. Zaɓen 2023 hukumar zaɓe ta tarayya ce, INEC, ta gudanar da shi. Zaɓen kansila kuwa na hukumar zaɓe ta jiha ne, wadda gwamna ke naɗa mutanenta. Wanda ya bi tarihin zaɓe a Nguru da Gashuwa daga zamanin En'e zuwa yau zai ga cewa mutanen nan sun iya jefa ƙuri'a sarai, sun kuma sha nuna haka, sai dai kujerar da ta fi kusa da su ita ce aka fi hana su taɓawa.

Garuruwan nan biyu ba su wuce mil 40 da juna ba, amma ba tafiya ɗaya suka yi ba. Nguru ƙasar Mangawa ce, tsohon mazaunin Galadiman Barno. Da hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Kano ta tsaya a can a 1930, sai garin ya zama bakin kasuwar duk arewacin Barno har da ƙasar Faransi ta wancan lokaci: gyaɗa, ƙaro, fatu da ƙiraga, shanu da busasshen nama, duk a nan ake loda su zuwa Kurmi. Jirgin da ya kwashi kaya shi ne ya kawo baƙi, Hausawa da Yarabawa da Ibo da Kwarori, shi ya sa har gobe akwai gundumar zaɓe a Nguru mai suna Hausari. Gashuwa kuwa ta Badawa ce, mutanen da suka kafa ganuwarsu a Gogaram suka ƙi miƙa wuya ga Barno da Haɗeja, daga baya fadar Mai Bade ta dawo Gashuwa a bakin kogi. Can ma cikin gundumomin zaɓe akwai Sarkin Hausawa, akwai Zango.

A zamanin Turawa Bade tana da En'e tata, da baitulmalinta, da sarkinta. Nguru kuwa gunduma ce kawai a ƙarƙashin En'e ta Barno, harajinta sai ya yi tafiyar fiye da mil 200 zuwa Yerwa kafin a yanke abin da za a dawo mata da shi. Mutumin Gashuwa ko ba a tambaye shi ba yana ganin ginin da kuɗinsa ya shiga. Mutumin Nguru ko wannan bai samu ba.

Zaɓen farko da aka yi a Arewa, na 1951, hawa-hawa ne. Masu biyan haraji a ƙauye su zaɓi wakilai zuwa gunduma, na gunduma su zaɓi na gaba, har a kai lardi, a can kuma En'e tana da iznin cusa mutanenta cikin masu zaɓen ƙarshe. Kafin muryar manomi ta kai Kaduna an tace ta sau uku ko huɗu, kamar kunun jinya. Majalisun gunduma da aka kakkafa a shekarun 1950 ma hakimi ne ke zama a kansu, ga alkali da 'yan doka da gidan yari duk a hannun En'e. Mata kuwa ba su cikin lissafi ko kaɗan. Duk da wannan matsi Lardin Barno bai kwanta wa NPC yadda ake zato ba. Alhaji Ibrahim Imam, wanda ya taɓa zama babban sakataren NPC, ya fice a 1954, ya jagoranci ƙungiyar samarin Barno, BYM, ta haɗa kai da NEPU, suka ci kujera a Yerwa a zaɓen 1956, har ya zama madugun 'yan hamayya a majalisar Kaduna. Abin da magoya bayansu suka sha a hannun alkalai da 'yan doka tsofaffi ba su manta ba. A 1959 aka fara jefa ƙuri'a kai tsaye a zaɓen tarayya ko'ina a Arewa, maza kaɗai, kowace jam'iyya da akwatinta da alamarta, fartanya ta NPC, tauraro na NEPU.

Canji na gaske a 1976 ya zo. A watan Fabrairu Janar Murtala Muhammed, Allah Ya ji ƙansa, ya fitar da Jihar Barno daga Jihar Arewa Maso Gabas, cikin wannan shekara kuma gwamnatin soja ta rushe tsarin En'e ta kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a ƙasa baki ɗaya. Nguru ta sami tata, Bade ta sami tata. Ran nan ne harajin Nguru ya daina zuwa Yerwa neman izni. A ƙarshen shekarar aka yi zaɓen kansiloli ba tare da jam'iyya ba, a lokacin ne kuma matan Arewa suka sami 'yancin ƙuri'a. Tsarin bai cika ba, don an bar wa gwamnati damar naɗa wani kashi na kansilolin. Amma dai a karo na farko talakan Dagona ko na Bulanguwa ya ga maƙwabcinsa, wanda suke haɗuwa a masallaci da kasuwa, zaune a majalisar da ke raba kuɗin rijiya da na makaranta. Waɗanda suka tsara gyaran sun faɗa ƙarara cewa gwamnatocin jihohi ne suka daɗe suna cinye ikon ƙananan hukumomi, abin da suke so su magance ke nan.

Sai farar hula suka karɓi mulki a 1979. Jihar Barno, wadda Nguru da Gashuwa ke cikinta a lokacin, ta ƙi bin NPN mai gida da masara, ta bi GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, mai taken siyasa ba da gaba ba, Alhaji Muhammadu Goni ya zama gwamna. Gwamnatin tarayya ba ta ji daɗin haka ba. A watan Janairu na 1980 aka ɗauki shugaban masu rinjaye na majalisar jihar, Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, aka tsallaka da shi Cadi wai ba ɗan ƙasa ba ne, sai da kotu ta dawo masa da 'yancinsa. An yi ta ba da wannan labari, ya kuwa cancanci a ba da shi. Wanda ba a cika faɗa ba shi ne cewa a cikin shekara huɗu da 'yan watanni na Jamhuriya ta Biyu ba a yi zaɓen ƙananan hukumomi ba. Gwamnoni, na NPN da na masu kiran kansu 'yan ci-gaba duka, sun sallami zaɓaɓɓun majalisu suka zuba kwamitocin riƙo na 'yan jam'iyyarsu. Waɗanda ke kukan Ikko ta danne su, su ma suna zaune a kan wuyan na ƙasa da su. A 1983 NPN ta karɓe Barno, Alhaji Asheik Jarma ya hau, wata uku bayan haka soja suka kwashe kowa.

Abin kunya ga 'yan siyasa shi ne, in aka jera shekarun da aka yi zaɓen kansila wanda ba a san mai ci ba sai an ƙidaya, yawancinsu a ƙarƙashin soja suke. A watan Disamba na 1987 gwamnatin Janar Babangida ta yi zaɓen ƙananan hukumomi ba jam'iyya. A watan Disamba na 1990 aka sake, tsakanin SDP mai doki da NRC mai mikiya, da tsarin nan na ƙato-bayan-ƙato, inda kowa zai tsaya a bayan hoton wanda yake so a ƙirga shi da rana tsaka. Tsarin yana da aibu, don talaka ba ya son mai unguwa ko maigidansa ya ga layin da ya bi, amma wuyar murɗewa gare shi. Ran 27 ga watan Agusta na 1991 aka yanke Jihar Yobe daga Barno, Alhaji Bukar Abba Ibrahim na SDP ya zama gwamnanta na farar hula na farko. Daga tsofaffin ƙananan hukumomin nan biyu ne aka fitar da Jakusko da Machina da Karasuwa.

Akwai wani abu na wannan zamani da ya kamata kowane ɗan Arewa mazaunin Kudu ya riƙe, don ranar da maƙwabci zai gaya masa cewa mutanensu ba sa zaɓen kowa sai nasu. Ran 12 ga watan Yuni na 1993 Jihar Yobe Cif Mashood Abiola ta zaɓa, Bayaraben Abekuta, ta bar Alhaji Bashir Tofa ɗan Kano. Gaskiya ne mataimakin Abiola, Ambasada Babagana Kingibe, ɗan Barno ne, kuma SDP ce ke mulkin jihar. Amma dai hannu aka sa aka zaɓa, ba wanda ya ɗaure kowa.

An yi na zamanin Janar Abacha a 1996 da 1997, ba su daɗe ba aka share su. Na ƙarshe shi ne na ran 5 ga watan Disamba na 1998, wanda INEC ta gudanar a ƙasa duka rana ɗaya. Daga shi hukumar tarayya ba ta sake ƙidaya ƙuri'ar kansila a Nguru ko Gashuwa ba. Tsarin mulkin 1999 ya ce dole ƙananan hukumomi su kasance a hannun zaɓaɓɓu, amma ya miƙa zaɓen ga hukumar da gwamna ke naɗawa, ya kuma sa kuɗinsu ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. An ba kura ajiyar nama, aka ce ta rantse.

A manyan kujeru labarin yankin nan sananne ne. Yobe ta bi APP a 1999, wadda ta koma ANPP, daga baya ta narke cikin APC, ba a taɓa samun gwamnan PDP a Damaturu ba. Mazaɓar Yobe ta Arewa, wato Bade da Jakusko da Karasuwa da Machina da Nguru da Yusufari, sanata biyu kawai ta yi tun 1999. Na farko marigayi Alhaji Usman Albishir, daga 1999 zuwa 2007. Na biyu Dokta Ahmad Ibrahim Lawan, haifaffen Gashuwa, wanda ya wakilci Bade da Jakusko a Majalisar Wakilai daga 1999, ya haura Majalisar Dattawa a 2007, ya shugabance ta daga 2019 zuwa 2023. Ba ƙaramin abu ba ne ɗan Gashuwa ya zama mutum na uku a ƙasa, kuma babu mai musun cewa an ga ayyukan tarayya a garin. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa ma a 2013 aka kafa ta.

Sai dai sau biyu mutanen wannan yanki suna kallo aka nuna musu cewa cin zaɓen fidda gwani daban, shiga takardar ƙuri'a daban. A 2007 Albishir ya nemi gwamna a ANPP, jam'iyya ta musanya sunansa da na marigayi Sanata Mamman Ali, ya yi ta shari'a bai dawo da takararsa ba. A 2022 kuma Alhaji Bashir Sheriff Machina ya ci zaɓen fidda gwani na sanata a APC ran 28 ga watan Mayu, lokacin da Ahmad Lawan ke neman takarar shugaban ƙasa. Lawan ya zo na huɗu a can da ƙuri'a 152, jam'iyya kuma ta miƙa sunansa a kujerar sanata. Babbar Kotun Tarayya ta Damaturu ta ba Machina gaskiya a watan Satumba, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a watan Nuwamba, amma ran 6 ga watan Fabrairu na 2023 Kotun Ƙoli ta rushe duka, alkalai uku suka rinjayi biyu, bisa dalilin cewa ba ta hanyar da ta dace aka shigar da ƙarar tun farko ba. Hukuncin Kotun Ƙoli ya zauna, Lawan kuma ya ci zaɓen da aka yi bayan haka. Amma in ana iya yin wannan a kujerar sanata, inda jaridun Ikko da gidajen rediyon duniya suka zuba ido, mai karatu ya auna abin da ke faruwa a kujerar kansilan Dabule, inda ba ɗan jarida, ba lauya, ba kuma mai kuɗin zuwa kotu.

Ga abin da ke faruwa. Yobe tana da ƙananan hukumomi 17 da gundumomi 178, Nguru goma, Bade goma. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2017, aka yi a 2021, aka kuma yi a 2024. Kowane karo jam'iyyar gwamna ta kwashe kujerun ciyaman 17 ɗin nan duka, ba ta bar ko ɗaya ba. A tsakanin zaɓe da zaɓe kuwa an sha barin majalisun a hannun kwamitocin riƙo. Wanda yake son kansila ya san ba rumfar zaɓe zai nufa ba, gidan wani babba zai yi ta sintiri har a sa sunansa cikin takardar maslaha. Ranar ƙuri'a biki ne kawai.

Masu kare wannan hali suna da hujjarsu, ya kamata a saurare ta. Suna cewa Yobe gidan APC ne tun fil azal, 'yan hamayya ba su da ƙarfi, sau da yawa ma su da kansu ke ƙaurace wa zaɓen, to laifin wa? Amsar tana cikin alƙaluman INEC. Ran 25 ga watan Fabrairu na 2023 Alhaji Atiku Abubakar na PDP ne ya ci Jihar Yobe a zaɓen shugaban ƙasa, da ƙuri'a 198,567, Asiwaju Bola Tinubu na APC ya sami 151,459. Mako uku bayan haka mutanen nan dai suka mayar da Gwamna Mai Mala Buni na APC kan kujerarsa, a rana ɗaya kuma na Nguru suka sauke Kakakinsa. Mutanen da suka iya rarrabe takarda uku haka, su ba wannan su hana wancan, su ne za a ce a ƙananan hukumomi 17 ba a sami ko guda da ta yi sha'awar canji ba, sau uku a jere? Ƙauracewar 'yan hamayya kuma ba dalili ba ne, sakamako ne. Ba mai sayen fom da kuɗinsa ya shiga kokawar da alkalinta ɗan gidan abokin karawarsa ne.

Kada kuma wani ya ɗauka ciwon Yobe ne ko na APC. Mazauna Badun sun gani da idonsu a watan Afrilu na 2024, PDP ta kwashe ƙananan hukumomin Oyo 33 duka. A Kano, a watan Oktoba na wannan shekara, NNPP ta kwashe 44. Tsintsiya da lema da kwandon kayan marmari duk hali ɗaya gare su in akwatin ya zo hannunsu.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa, kansila me yake iya yi? Wannan tambaya ita kanta alamar yadda aka kashe kujerar ce. A dokar ƙasa kasuwa da tasha da mahauta da maƙabarta da kwashe shara da rajistar haihuwa duk aikin ƙaramar hukuma ne, tana kuma da hannu a makarantar firamare da ɗakin shan magani da aikin gona. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da ɗan ci-rani ke aika kuɗi gida dominsu. In famfon unguwa ya lalace shi ake bugo wa waya. In ɗakin shan magani ba ma'aikaci, shi zai biya kuɗin mota zuwa babban asibitin tarayya na Nguru. Yana biyan haraji sau biyu ke nan, ɗaya ga ƙaramar hukumar da yake zaune a Kudu, ɗaya kuma don cike gurbin wadda ta kwanta a gida.

Ƙasar nan kuma ba ta rasa matsalolin da ke bukatar mai magana a kusa ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan kogin Haɗeja ta canja, kacala ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Nguru, wani wuri ambaliya ta ci gona, wani wuri kuma ruwan ya ƙi zuwa, masunta da manoman shinkafa da makiyaya suka shiga ƙunci, da yawansu ma dalilin zuwansu Kudu ke nan. A 2022 ruwa ya yi ɓarna mai yawa a Gashuwa da kewayenta. Ga ciwon ƙoda da ya addabi ƙasar Bade shekara da shekaru, wanda masana suka yi ta bincike a kan musabbabinsa, gidaje da dama sun sayar da gona da dabba wajen wankin ƙoda. Ba wanda ya ce kansila zai warkar da ƙoda ko ya buɗe madatsar ruwa. Amma shi ne ya kamata ya san rijiyar da unguwa ke sha, ya san wane gari ne ba mai awon jini, ya tara mutane da kwale-kwale a yanke kacala kafin damina, ya kuma tsaya a sakatariya ya yi ta hayaniya har a ji. Wanda aka ɗauko aka ɗora ba zai yi hayaniya ba, don ya san wanda ya ɗora shi, kuma ba mutanen gunduma ba ne.

Ran 11 ga watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa kwamitocin riƙo haramtattu ne, kuma kuɗin ƙananan hukumomi 774 a riƙa ba su kai tsaye. Hukunci ne mai kyau. Amma ko an bi shi sau da ƙafa, rabin aiki ne. In kuɗi ya zo hannun ciyaman alhali gwamna ne ya zaɓo ciyaman ɗin, an canja wa tuwo suna ne kawai. Gyaran da ya rage na tsarin mulki ne, a cire zaɓen ƙananan hukumomi daga hannun hukumomin jihohi a mayar wa INEC, kamar yadda aka yi a 1998. INEC ba waliyyiya ba ce, wanda ya ga zaɓen 2007 ba zai ce haka ba. Sai dai ba gwamnan Yobe ke naɗa ta ba, ba shi ke biyanta ba, kuma a hannunta ne ƙuri'a 182 ta yi aikinta. Gyaran nan sai ya bi ta Majalisar Tarayya da kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi, wato sai wakilan Damaturu da takwarorinsu sun ɗaga hannu a kan abin da gwamnoninsu ba sa so. Ƙungiyoyin 'yan asalin Nguru da na Bade da ke taro a Ikko da Badun da Fatakwal, waɗanda 'yan takara ke zuwa gaisarwa duk kakar zaɓe, suna da tambaya ɗaya da za su riƙa yi wa kowane mai neman majalisa kafin a sha lemo: in maganar nan ta zo gabanka, ina za ka tsaya?

Saura maganar katin zaɓe, a nan kuwa laifin ba na gwamna ba ne. Da yawa cikin mazauna Kudu katinsu na gida ne, amma ranar zaɓe tana riskarsu a bakin rumfar kasuwa, ba su jefa a can ba, ba su jefa a nan ba. Mutum ya zaɓi ɗaya. Wanda iyalinsa da gonarsa ke Bulabulin ko Katuzu, shi kuwa rani kawai yake ci a Ikko, ya bar katinsa a gida, ya sa tafiyar zaɓe cikin lissafinsa kamar yadda yake sa ta Sallah. Wanda kuwa ya shekara 20 a Agege, 'ya'yansa a nan suke makaranta, rumfarsa a nan take, to kansilan Agege shi ne kansilansa, shi ke da ta cewa a kan rumfar da kwatar da ke ƙofar gidansa. Ba sabon abu ba ne. Hausawan da jirgi ya kai Nguru ba su riƙa komawa Kano jefa ƙuri'a ba, a Hausari suka yi rajista har gundumar ta ɗauki sunansu. A shekarun 1950 kuma Malam Umaru Altine, Bafulatanin ƙasar Sakkwato mai fataucin shanu, ya tsaya zaɓe a Inugu a jam'iyyar NCNC, ya zama magajin garin na farko.

Mayar da kati daga wata jiha zuwa wata ba ya bukatar sabuwar rajista, yin rajista sau biyu ma laifi ne. Ana neman canjin ne a wurin INEC lokacin da aka buɗe rajista, kuma akan rufe ta watanni kafin zaɓe, saboda haka wanda ya jira sai an fara liƙa hotunan 'yan takara ya makara. Mai niyyar zuwa gida kuma ya tuna cewa ranar zaɓe ana hana motoci tafiya tun da asuba, ga shi daga Ikko zuwa Nguru ko Gashuwa tafiyar kwana da yini ce in hanya ta yi kyau. In zaɓe ya faɗo Asabar, ran Laraba ya kamata a ce yana tasha.